Tambayi Ƙasa Kafin Ka Ɗora Mata Gini

Lacca kan auna ruwan ƙarƙashin ƙasa da gano ƙasa mai lotsawa kafin a kafa harsashi

 

 Waɗanda suka gayyace ni sun gindaya mini sharaɗi guda: in yi magana da Hausar da mai haƙa fandisho zai gane, kada in ɓuya a bayan lissafi. Na karɓa.

Maganata a yau kan abin da ke ƙarƙashin gini ce. Mukan ɓata watanni muna gardama kan zanen gida da kalar fenti da irin tayil, amma ƙasar da za ta ɗauki wannan kaya har jikoki, kallo ɗaya muke yi mata mu ce ta yi. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ga mai haƙar rijiya wannan albishir ne. Ga mai gini kuwa gargaɗi ne.

Ƙarfen da ƙasa ta gudu ta bari

Bari in fara da wani ginshiƙin ƙarfe da ke tsaye a gabashin Ingila, a wurin da ake kira Holme Fen. A shekarar 1851 aka janye ruwan wani babban tafki da ke yankin, mai suna Whittlesey Mere, domin a mayar da wurin gonaki. Masu filin sun san ƙasar za ta motsa, suka so su ga iyakar motsinta. Sai suka kafa ginshiƙin a kan dirkar itace da aka buga har ta taka ƙasa mai ƙarfi can ƙasa, suka daidaita kansa da doron ƙasa, yadda mutum zai taka shi ya wuce. Yau wannan ginshiƙi ya yi sama da ƙasa da kimanin mita 4, ya fi bangon ɗakin da yawancinmu muke kwana tsawo. Ƙarfe dai ba ya tsiro. Ƙasar ce ta sauka ta bar shi a tsaye. Ku kuma lura, babu wanda ya ɗora wa wannan ƙasa bene ko masana'anta. Ruwanta kawai aka zuƙe.

Irin wannan ƙasa injiniyoyi na kiranta fit. Ba ta cika samuwa a ƙasar Hausa ba, shi ya sa ba mu raɗa mata suna ba. A wannan zama zan riƙa ce mata ƙasar soso, za ku ga dalili.

Asalinta tsiro ne. A fadamar da ruwa ba ya ƙafewa rani da damina, ganye da ciyawa da saiwa da itace sukan faɗa cikin ruwa su nutse. Ruɓewa tana bukatar iska, a ƙarƙashin ruwa kuwa iska ta yi ƙaranci, sai tsiron ya tsaya a rabin hanya: bai gama ruɓewa ba, bai kuma zauna a tsironsa ba. Na bana ya hau kan na bara, na baɗi ya danne na bana. A ƙasashen sanyi kaurinta kan ƙaru da kimanin milimita 1 a shekara, ke nan mita 5 aikin kusan shekara 5,000 ne.

Ta rufe kimanin kashi 3 cikin 100 na sararin ƙasar duniya. Tana da yawa a Rasha da Kanada da Finlan da Ailan da Holan, da kuma Indunusiya da Malesiya. A nahiyarmu ma, a shekarar 2017 masu bincike suka fitar da taswirar wata makekiyar ƙasar soso a tsakiyar kwarin Kogin Kongo, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 145,500. A Nijeriya za ka same ta, ko laka mai haɗe da ita, a gaɓar teku: cikin dazukan ruwa na yankin Neja Dalta, inda mutanen wurin ke kiranta cikoko, da gefen tafkin Legas, inda sau da yawa take kwance a ƙarƙashin yashin da aka yi ciko da shi.

Halayenta huɗu ne ke ba mai gini tsoro. Na farko, yawancinta ruwa ne. Busasshen yashi kilo 1 abin da zai riƙe na ruwa kimanin rubu'in kilo ne kawai, amma kilo 1 na busasshiyar ƙasar soso yana iya riƙe kilo 5, wani lokaci har kilo 10. Na biyu, ba ta da ƙashi, in an danna ta sai ta bi. Na uku, ba ta gama lotsawa da wuri, takan ci gaba shekara da shekaru. Na huɗu, wanda ya fi ban mamaki, iska na cinye ta. Da zarar ruwa ya janye iska ta shiga, ruɓewar nan da ta tsaya tun zamanin kakanni sai ta ɗora daga inda ta tsaya, ƙasar ta riƙa ƙarewa tana bin iska. Abin da ya faru ke nan a Holme Fen.

Darasin mai awara

Kowa a nan ya taɓa ganin yadda ake matse awara. Ana zuba ta a ƙyalle ko buhu, a ɗaure, a ɗora dutse. Lokacin da dutsen ya hau, ƙullin ba ya shafewa nan take, domin ruwan da ke ciki ne ya fara karɓar nauyin. Sai ruwan ya riƙa ɗiga, ɗis, ɗis, nauyin yana komawa kan awarar kanta, ƙullin yana raguwa. In ruwa ya gama fita sai ta tsaya da ƙarfinta.

Wanda ya mayar da wannan ilimi lissafi shi ne Karl Terzaghi, injiniya ɗan Ostiriya da ya yi gwaje-gwajensa a Istanbul, ya fitar da littafinsa a 1925. Shi ake ɗauka uban ilimin ƙarfin ƙasa na zamani. Abin da ya nuna shi ne, nauyin da ke kan ƙasa rabawa ake yi tsakanin ƙwayoyin ƙasa da ruwan da ke tsakaninsu, kuma rabon da ya hau kan ƙwayoyin ne ke sa ƙasa ta lotsa. A yashi ruwa na fita nan da nan, kafin a gama gini an gama lotsawa. A laka ruwa ba ya samun hanya, sai a ɗauki shekaru. In kaurin lakar ya ninka biyu, lokacin ya ninka huɗu. Ƙasar soso kuwa takan saki ruwa da sauri da farko, har mai gini ya ce an gama, sannan zarurrukan tsiron da ke cikinta su ci gaba da lanƙwashewa a hankali, ba ranar tsayawa.

A nan akwai abin da nake so kowa ya tafi da shi gida. Ruwa yana rage wa ƙasa nauyin kanta, kamar yadda guga ke yi maka sauƙi yana cikin rijiya, sai ya fito ka ji nauyinsa. In ka saukar da ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita 1, ka ƙara wa ƙasar da ke ƙasa da nan nauyin kusan tan 1 a kan kowace murabba'in mita. Wannan ya yi kusa da nauyin hawa guda na bene. Wato mai famfo yana iya ɗora wa unguwa bene ba tare da ya sayi bulo ko ɗaya ba. Birnin Jakarta na Indunusiya shaida ne: yawan zuƙar ruwa ta rijiyoyin burtsatse ya sa arewacin birnin yana nutsewa, kuma yana cikin dalilan da suka sa a 2019 gwamnatin ƙasar ta sanar da mayar da babban birni tsibirin Borneo. Birnin Meziko, da aka gina a kan lakar tsohon tafki, wasu sassansa sun sauka da mitoci da yawa a ƙarni guda.

In ruwan ya hau ma, wata matsalar ce. Ka gina tankin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, sai damina ta zo ruwan ƙasa ya hau jikinsa mita 2. Uku sau uku sau biyu, 18. Ƙarfin tan 18 ke tura shi sama. In tankin babu ruwa a ciki kuma nauyinsa bai kai haka ba, zai taso kamar kwalekwale, ya fasa daɓe ya tsinke bututu.

Ba saukar gini ce ta fi kashe shi ba. Gidan da ya sauka gaba ɗaya daidai wa daida yana iya zama lafiya. Wanda kusurwa ɗaya ta riga sauran sauka shi ne ke tsagewa. Ƙasar soso kuwa ba ta kwanciya shimfiɗe kamar tabarma. Tana bin tsohuwar hanyar rafi, a gabashin fuloti ta yi mita 4, a yammacinsa babu ita sam.

Me ya haɗa mu da wannan?

Wani zai ce, Injiniya, wannan ai matsalar Turawa ce da mutanen bakin teku. To, da farko 'yan uwanmu nawa ke sayen filaye suna gini a Legas da Fatakwal da Warri? Injiniyoyinmu nawa ake turawa aikin hanya da gada a can? Na biyu, muna da namu irin. Ba ƙasar soso ba ce ta asali, amma halinsu ɗaya: tsohon kududdufi da aka cike da shara.

Tsofaffin biranenmu da ƙasar kududdufai aka gina su. A nan aka ɗebi ƙasar tubali, ramin ya zama matattarar ruwan unguwa. Da gari ya cika fili ya yi tsada, sai aka riƙa zuba bola a ciki, daga baya tifa ta kawo jar ƙasa ta rufe, aka yanka fuloti.

Shekarun baya wani Alhaji ya kira ni in duba gidansa, bene mai hawa ɗaya, damina biyu kacal da tarewa. Ƙofar falo ta daina rufuwa, kafinta ya fere ta sau biyu. Tsaga ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, bakinta na sama ya fi na ƙasa faɗi, har ina sa yatsa. Ya ce mini, “Injiniya, wallahi ban yi rowar siminti ba, rodi ma mai kauri na saya.” Na duba, gaskiya ya faɗa. Ginin ba shi da laifi.

Muka kafa ƙarfen haƙa na hannu a bayan gidan. Da farko jar ƙasa mai kyau ta fito. Da muka ɗan nutsa sai ga toka, ga leda, ga tsumma, ga ruɓaɓɓen kara, har da silifas ɗin yaro ƙafa ɗaya. Daga nan sai baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙarfen yana shiga da nauyin kansa ba mai danna shi. Kafin mu sha ruwa mu dawo, ramin ya tara ruwa.

Wani dattijo yana zaune a dakalin maƙwabta yana kallonmu tun safe. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, da can mene ne a wurin nan?” Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ai nan muka koyi iyo. Daidai inda falon nan yake, tarwaɗa muke kamawa.” Na ce, “Baba, ba ku faɗa wa Alhaji ba?” Ya ce, “Wa ya tambaye ni?”

Wannan amsa ta fi mini darussa da yawa da na zauna a aji. Gyaran gidan nan ya ci abin da ya ninka kuɗin binciken ƙasa sau da yawa, alhali rabin binciken yana zaune a dakali, kyauta.

Bayan kududdufi muna da fadamu, irin na Haɗeja da Nguru da gefen manyan koguna, inda ruwa ke kusa kuma laka ke da taushi. Muna da baƙar lakar yankin Tafkin Cadi, wadda ake kira firgi, mai kumbura da damina ta dare da rani. Ruwan ƙasa kuma ba ya zama wuri ɗaya. A kudu maso yammacin Nijar, kewayen Yamai, masu bincike sun tarar ya yi ta hawa tsawon shekaru gommai duk da farin shekarun 1970 da 1980, saboda sare daji ya sa ruwan sama na gangarawa tafkuna yana tsumawa ƙasa. Zurfin da kakanka ya samu ruwa ba lallai ne shi za ka samu ba.

Yadda ake tambayar ƙasa

Mataki na farko ba ya bukatar inji. Ka tambayi tarihin wurin. Ka nemi dattawan unguwa, ka nemi masu haƙar rijiya da masu haƙar shadda, su suka san gaba nawa ake yi a taɓa ruwa, da irin ƙasar da ake ratsawa. Ka saurari sunan unguwar: in da fadama ko tafki ko rafi ko gulbi a cikinsa, ba banza aka raɗa ba. Ka dubi tsofaffin taswirori, ka buɗe Google Earth ka koma hotunan shekarun baya. Ka dubi tsiro: kacala da bado ba sa fitowa a tudu. Ka dubi katangun maƙwabta, ko sun tsage, ko danshi ya ci gindinsu. Ka kuma je wurin a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa. Dillalai su yi mini afuwa, amma filin da aka nuna maka a watan Maris bai gama gabatar da kansa ba.

Mataki na biyu ramin gwaji ne, mita 2 zuwa 3, a ga ƙasa ido da ido. Ina roƙon magina, kada a tura yaro cikin rami mai zurfi a ƙasa mai ruwa ba tare da an tokare bangonsa ba. Irin wannan rami ba ya sallama kafin ya rufta.

In an ci karo da ƙasar soso, akwai gwajin da hannu kawai yake bukata, wanda wani masani ɗan Suwidin mai suna Lennart von Post ya tsara, mai matakai 10. Ka damƙi curi ka matse. In ruwa garau ya fito, ka buɗe hannu ka ga ganye da saiwa a kamanninsu, tana matakin farko. In ruwan ya fito baƙi-baƙi, wani abu kamar kunu ya fara bi ta tsakanin yatsu, ta kai tsakiya. In duka curin ya tsere ta tsakanin yatsunka ka buɗe hannu wayam, ta kai mataki na 10. Wanda ya taɓa yin wannan gwaji sau ɗaya ba zai ƙara yarda a zuba kankare a kanta ba.

Mataki na uku haƙa mai zurfi ne da inji. Ƙa'idar ita ce a ratsa duk ƙasa mai taushi har a taka mai ƙarfi, a kuma ɗan shiga cikinta don a tabbata ba ɓawo ba ne. A 1913, kusa da birnin Winnipeg na Kanada, an gina wani katafaren rumbun hatsi na kankare a Transcona. An gwada ƙasar sama an same ta da ƙarfi, ashe a ƙarƙashinta akwai laka mai rauni. Da aka cika rumbun da hatsi, cikin kamar kwana guda ya kishingiɗa da kimanin digiri 27. Ginin bai farfashe ba, har daga baya aka tayar da shi. Ƙasar da ba a kai gare ta da bincike ba ita ta ba da kai. Rami ɗaya kuma ba ya isa. A yi a kusurwoyi da tsakiya, gwargwadon girman ginin.

A cikin ramin ana gwajin bugu: guduma mai nauyin kilo 63.5 ana sakinta daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa ne zai nutsar da bututu santimita 30. Yashi mai ƙarfi yana iya cin bugu 30 ko fiye. A ƙasar soso sau da yawa bugu ɗaya ko biyu ne, wani lokaci ma bututun na nutsewa tun ba a saki gudumar ba. Shi ya sa a ƙasa mai taushi aka fi dogara da gwajin tsinke, wanda mutanen Holan suka ƙirƙiro a shekarun 1930: ƙarfe mai tsinin kai ana tura shi a hankali, yana ba da labarin kowane taki da ya ratsa, ko siririn shimfiɗin ƙasar soso ba ya ɓoye masa.

Samfurin da aka ɗebo sai a kai ɗakin gwaji. A busar da shi a auna ruwan da ya fita. A ƙona shi a ga abin da wuta ta ci, wannan shi ne yawan tsiron da ke ciki. A sa shi a injin matsi a riƙa ƙara nauyi, a ga nawa zai lotsa, cikin wane lokaci. A kuma gwada ruwan kansa, domin ruwan irin wannan ƙasa yakan yi tsami, na bakin teku kuma yana da gishiri, duka biyun suna cin kankare da rodi.

Mataki na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi araha. A bar bututu mai huji-huji a cikin ramin, a zagaye shi da tsakuwa, a toshe samansa, a riƙa zuwa ana auna inda ruwa ya tsaya. Ruwan da ka gani ranar haƙa ba shi ne na gaskiya ba, bai gama daidaita ba. A auna da rani, a auna a ƙarshen damina, a bakin teku kuma a auna da cikar teku da janyewarta. Da adadi mafi muni ake zana harsashi.

In an same ta, sai me?

Samun ƙasar soso ba ya nufin fili ya mutu. In akwai hali, a matsar da ginin zuwa ɓangaren da babu ita. In ba ta da kauri, a kwashe ta duka a cike da yashi ko marmara, ana dandaƙewa shimfiɗa bayan shimfiɗa. In ta yi zurfi, a ratsa ta da dirkokin kankare har ƙasa mai ƙarfi. Fadar sarki da ke tsakiyar birnin Amstadam na Holan, wadda aka fara ginawa a 1648, tana tsaye a kan dirkokin itace 13,659. Itace ba ya saurin ruɓewa muddin yana nutse cikin ruwa, shi ya sa a Holan tsayin ruwan ƙasa magana ce ta hukuma, ba a barin kowa ya taɓa shi yadda ya ga dama. A garin Gouda har yau ana fama: gidajen da ba su da dirka suna sauka tare da ƙasa, masu su na so a rage ruwa, masu dirkar itace kuma na tsoron in an rage, kawunan dirkokinsu su sha iska su ruɓe.

Mai dirka ma kada ya saki jiki. Gidan zai tsaya, amma tsakar gida da matakala da bututun ruwa da na bayan gida za su ci gaba da sauka. A garin Sibu na jihar Sarawak a Malesiya wannan abin gani ne a unguwanni da dama. Dole a yi mahaɗar bututu mai lanƙwasa, a kuma lissafa cewa ƙasar da ke sauka tana rataya a jikin dirka tana ƙara mata kaya.

Ga hanya da fili mai faɗi, akan yi dabarar mai awara: a jibge yashi fiye da nauyin da za a ɗora, a soka magudanai a tsaye don ruwa ya sami hanya, a jira watanni ana aunawa, in ta lafa a kwashe rarar a yi gini. Ko a rage nauyin kayan. A Ingila, injiniya George Stephenson ya ratsa da layin dogo na Libaful zuwa Mancesta ta kan fadamar Chat Moss ta hanyar shimfiɗa rassan itace da ciyayi, layin ya zauna a kai kamar gado. An buɗe shi a 1830, jirage na bi har yau. A Nowe tun 1972 ake cikon hanya da manyan tubalan farin soso mara nauyi, irin wanda ake naɗe firiji da shi a kwali.

Abin da ba a yi shi ne a far mata da gaggawa. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Indunusiya ta yanka magudanai a kusan hekta miliyan 1 na ƙasar soso a Kalimantan don noman shinkafa. Shinkafa ba ta samu ba, ƙasar ta bushe ta zama makamashi, gobarar 1997 ta ci ta har ƙarƙashi, hayaƙi ya rufe ƙasashen maƙwabta. A Derrybrien ta ƙasar Ailan, a watan Oktoban 2003, ana aikin kafa injinan lantarki na iska a kan tudu, ƙasar soso ta zame ta gangara cikin kogi ta kashe kifaye masu ɗimbin yawa. A 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ci Ailan tarar Yuro miliyan 5 kan rashin tantance illar aikin yadda ya kamata.

Akwai kuma hakkin maƙwabci. In ka haƙa rami ka kafa famfo dare da rana don wurin aikinka ya bushe, ruwan da kake zuƙa ba ya tsayawa a iyakar fulotinka. Kana saukar da na ƙarƙashin gidan maƙwabcinka, kuma kun ji abin da saukar mita 1 ke yi. In ka ga ruwan famfon yana fitowa da yashi, ka kashe inji, ƙasar wani kake kwashewa. Kafin a fara, a zaga gidajen kewaye a ɗauki hotunan bangonsu, a sa alamar aunawa.

Kira

Ga masu gini: kuɗin binciken ƙasa ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin gini, sau da yawa bai kai abin da ake kashewa a ƙofar gida da fitilun ado ba. Ku nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN, ku karɓi rahoto a rubuce, da zurfin kowane rami da ranar da aka auna ruwa. Rahoton fulotin maƙwabci ba naka ba ne, balle wanda aka canja wa suna aka buga hatimi.

Ga gwanayen magina: ku ne idonmu. In kuna haƙa fandisho kuka ga ƙasa ta canja launi, ko wari ya taso, ko ruwa ya tsatso, ku ajiye diga ku faɗa, ko da mai gida zai ɓata rai. Ɓacin ran yini ɗaya ya fi na shekara ashirin sauƙi.

Ga hukumomin tsara birane: a yi taswirar tsofaffin kududdufai da fadamu tun dattawan da suka san su suna raye, a kuma daina amincewa da zanen bene in babu rahoton ƙasa a haɗe.

Ga ɗalibai: kwamfuta za ta lissafa muku duk abin da kuka ba ta, amma ba ta taɓa damƙar laka ba. Ku fita fili, ku ɓata takalmanku, ku koyi gaida tsofaffi.

Tun ran gini ran zane. Duk wanda ke da fili a cikinku, kafin ya kira mai zane, ya je ya tsaya a kansa a tsakiyar damina, ya nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a unguwar, ya durƙusa ya tambaye shi abin da ke wurin da can.